Yadda Ake Zaɓen Kajin Asali da Gane Mai Kiwon Ƙwarai Kafin a Biya Kuɗi

Masu sha'awar kiwon kajin asali suna ƙaruwa a garuruwanmu, kuma kukan da sababbin shiga suke zuwa da shi kusan iri ɗaya ne. Wani ya sayi 'yan tsaki da sunan Brahma, sun yi wata huɗu babu gashi ko ɗaya a ƙafarsu. Wata ta tara ƙwan jajayen kajinta ta sa a inji, 'yan tsakin suka fito kowa da launinsa, suka girma ba su kama ƙafar iyayensu wajen yin ƙwai ba. Wani ya ga kyakkyawan zakara a kasuwa ana tsakiyar hunturu, ya kawo shi gida ya saka cikin kajinsa a ranar, kafin mako biyu akurki ya zama kango. Duk waɗannan asarori tun a wurin saye aka tafka su. Abinci mai kyau da ɗaki mai tsabta ba sa gyara irin da ya zo a gurɓace.

Mai sayen kajin iri gado yake saye. Abin da ke jikin iyaye da kakanni, na kirki da na cuta, shi zai biyo tsakon har gidanka. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa manufarsu ɗaya ce, wato ka ga iyayen da idonka, ka san mai su, kafin kuɗinka su bar aljihu.

Abubuwan da za ka tanada

- Littafi da biro, don rubuta amsoshin mai kiwo da ranakun rigakafi.
- Hotuna da bayanin siffar irin da kake nema.
- Ƙaramin sikeli da tocila mai ƙarfin haske.
- Riga da takalmin roba na ziyara, waɗanda ba ka shiga wurin kajinka da su, da maganin kashe ƙwayoyin cuta.
- Keji ko kwali mai ƙofofin iska, da kiret idan ƙwai za ka ɗauko.
- Zoben ƙafa ko zare mai launi-launi don yi wa kowace kaza shaida.
- Ɗakin killacewa nesa da sauran kaji, da mazubin ruwa da na abinci nasa na kansa. A gama shi kafin a je saye.
- Likitan dabbobi wanda za ka iya kira.

1. Ka san abin da kake nema

Kaza tsantsar iri ita ce wadda idan zakaran irinta ya bi ta, 'ya'ya za su fito kamar iyaye, jikoki ma haka, a launi da girma da siffar zanko da launin ƙwai. Rhode Island Red da Plymouth Rock da Brahma na Amurka, Sussex ta Ingila, Australorp ta Ostireliya, Leghorn mai tushe a Italiya, da Fayoumi ta Masar, duk haka suke.

Yawancin kajin gidan gona kuwa ruwa-biyu ne. ISA Brown da Lohmann Brown da Bovans masu ƙwai, Cobb da Ross da Arbor Acres masu nama, duk kamfanoni ne suke riƙe da zuriyoyi daban-daban suna haɗa su, 'ya'yan farko su fito da ƙwazon da ya zarce na iyaye. ISA Brown tana iya haura ƙwai 300 a shekararta ta farko, alhali Rhode Island Red ta asali tsakanin 200 da 250 take yi idan ta samu kulawa. Amma da zarar ka ɗebi iri daga ruwa-biyu, halayen da aka haɗa sai su warwatse, wani tsako ya ɗauko kaka ta wajen uwa, wani ya ɗauko kakan uba. Wannan ba aibu ba ne a gare su, don ƙwai da nama aka yi su. Idan kiret-kiret kake son sayarwa, sayi ruwa-biyu daga amintaccen gidan ƙyanƙyasa ka huta. Tsantsar iri ta mai son riƙe zuriya ce a hannunsa, ya ƙyanƙyashe, ya zaɓa, ya sayar wa wasu.

Akwai rukuni na tsakiya da ke yawan rikita mutane: Noiler ta kamfanin Amo Farm da ke Awe a jihar Oyo, Kuroiler ta Indiya, Sasso ta Faransa, FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta wadda aka yi wa rajista a 2018, da Shika Brown ta cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya. Wani shirin bincike da cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, ta jagoranta daga 2015 ya gwada su tare da kajin Fulani a gidajen ƙananan makiyaya a jihohi 5, ciki har da Kebbi da Nasarawa. Kaji ne masu amfani sosai, amma idan kana son ingancinsu na gaske, wurin masu su ko wakilansu ake komawa. Wanda ya ce maka yana da tsantsar Noiler da ya ƙyanƙyashe daga Noilolin bayan gidansa, wata aba ce daban yake sayar maka ko da bai sani ba.

Ka duba yanayin garinka kuma. Brahma jibgegiyar kaza ce mai yawan gashi, kuma a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, tana wahala ƙwarai idan babu inuwa da iska. Fayoumi da Leghorn masu ƙaramin jiki sun fi jure zafi. Ina kuma roƙon masu sha'awa kada su raina kajin Fulani. Suna da girma fiye da sauran kajin gida, sun saba da ƙasarmu, suna kwanci su yi renon 'ya'yansu, kuma abin da suka rasa kawai shi ne mai zama ya zaɓe su da haƙuri kamar yadda aka yi wa na waje.

Ka fara da iri ɗaya. Kowane iri yana buƙatar ɗakinsa da zakaransa, sabon shiga kuwa bai cika iya riƙe uku a lokaci guda ba.

2. Ka haddace siffar irin kafin ka fita

Kowane iri na asali yana da rubutacciyar siffa. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, wadda aka kafa a 1873, ta fara fitar da littafin ƙa'idojinta a 1874, Ingila ma tana da nata. A nan gida ba kasafai za a miƙo maka takardar asalin kaza ba, don haka idonka ne zai tsaya a madadinta.

Rhode Island Red ja ce mai duhu sosai, wutsiya baƙa, ƙafafu ruwan ɗorawa, fatar kunne ja. Balagaggen zakara yana kusan kilo 3.9, kaza kusan kilo 3. Idan ka ga ja mai haske, ka buɗa gashin ka tarar da fari a ƙasa, ga fari-fari a wutsiya, to ISA Brown ce ko 'yar'uwarta. Australorp baƙa ce gaba ɗaya mai ƙyalli kore-kore a rana, ido baƙi, ƙafa baƙa, tafin ƙafa fari. Baƙar kazar ƙwai da ake kira Harco ko Nera takan zo da jan gashi a wuya da ƙirji, kuma ita ake yawan sayar wa mutane da sunan Australorp. Light Sussex fara ce mai baƙin zane a wuya da baƙar wutsiya, ƙafafunta farare, idan suka zama ruwan ɗorawa an samu gauraye. Brahma tana da gashi har kan yatsu, zankonta ɗan ƙarami ne a kwance mai layi uku, kuma zakara yakan kai kilo 5 ko fiye. Brahma mai dogon zanko a tsaye ba Brahma ba ce. Leghorn fatar kunnenta fara ce, ƙwanta fari. Silkie yatsu 5 take da su maimakon 4, fatarta baƙa.

Kusan duk waɗannan alamu ba sa bayyana sosai a jikin tsakon kwana ɗaya. A nan ne mai ha'inci yake samun ƙofa.

3. Nemo sunayen masu kiwo

Fara da mutanen da suke shiga gonaki saboda aikinsu: likitocin dabbobi, malaman gona, masu sayar da abincin kaji da magani, da reshen ƙungiyar masu kiwon kaji ta Najeriya, PAN, na jiharka. Likita ya san gonar da ke kiransa don rigakafi da wadda ba ta nemansa sai an fara kwasar gawa. Cibiyoyin bincike irin su NAPRI da sassan kimiyyar dabbobi na jami'o'i su ma wurin tambaya ne.

Tallan Facebook da WhatsApp yana iya nuna maka hanya, amma hoto ba shaida ba ne, da yawa daga intanet ake kwaso su. Ba a cinikin biri a sama. Ka bambanta mai kiwo da dillali: dillali bai san uban tsakon ba balle kakansa. Wanda kuma ya ce daga ƙasar waje ya shigo da kajinsa ko ƙwansu, ka nemi ganin takardar izini, domin shigo da su sai da amincewar hukuma da binciken hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. Wanda aka shigo da shi ta bayan fage babu wanda ya duba lafiyarsa.

4. Ka je da ƙafarka

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Ka je da safe, da kayan ziyara, kada ka biya ta wata gona ko kasuwar kaji a ranar.

Idan mai gonar ya hana ka shiga cikin ɗakin kaji, ya ce ka tsoma takalmi a ruwan magani ka tsaya ta bayan waya, kada ranka ya ɓaci. Wannan alama ce mai kyau. Wanda yake barin kowane baƙo ya kutsa yana taɓa kaji, cutar gonaki goma ce take shigar masa.

Abu na farko da za ka duba shi ne ko kowane iri yana ɗakinsa. Idan ka ga Sussex da Brahma da kajin gida suna kiwo a tsakar gida ɗaya, ciniki ya ƙare, komai kyan kajin. Kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta mako 2 zuwa 3, wani lokaci har fiye, saboda haka ko mai su ya ce ya raba su shekaranjiya, ƙwan da za a yi yau yana iya zama na baƙon zakara. Sai an cika mako 4 da rabuwa ake amincewa da ƙwan. Ka ƙirga kuma: zakara 1 ga kaji 8 zuwa 10 a masu ƙaramin jiki, 5 zuwa 6 a manya irin Brahma. Idan kaji sun yi wa zakara yawa, ƙwai da dama za su zama baragurbi.

Dubi garken gaba ɗaya, kada ka tsaya a kan zakara ɗayan da aka ɗauko maka. Shin sun yi kama da juna a girma da launi? Tsantsar iri da aka kula da ita tana fitowa bai ɗaya.

Sannan ka zauna ka yi tambayoyi, kana rubutawa. Malam, daga ina ka samo iyayen? Shekara nawa kana riƙe da wannan iri? A ƙwai 100 nawa suke ƙyanƙyashewa? Yaushe ka sauya zakara, daga ina sabon ya zo? Wace matsala irin yake da ita? Tambayar da na fi dogara da ita kuwa ita ce: waɗanne kake cirewa daga cikin masu iri? Mai kiwon gaske zai gaya maka yana yanka ko sayar wa masu nama duk mai karkataccen baki, mai lanƙwasassun yatsu, mai launin da ya kauce, da wadda ba ta ƙwai sosai. Wanda ya ce duk abin da ya ƙyanƙyashe na iri ne, yawaita kaji kawai yake yi. Haka wanda ya ce irinsa ba shi da aibu ko ɗaya, ko dai bai lura ba ko yana ɓoyewa.

Ka roƙe shi ya haɗa ka da mutum biyu ko uku da suka saya a wurinsa bara. Kajinsu sun girma, sun yi ƙwai, gaskiya ta riga ta fito.

5. Bincika lafiyar garken

Nemi littafin rigakafi. Ya kamata ka ga na cutar Marek da ake yi a ranar ƙyanƙyasa, na Gumboro a makonnin farko, na Niyukasul da ake maimaitawa, da na ƙurajen kaji da taifot ɗin kaji. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin da yawa daga cikin waɗannan magungunan rigakafi. Ka tambayi yadda yake ajiye su, domin wanda ya sha zafi ya mutu, ba shi da bambanci da ruwa.

Akwai cututtukan da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa tsako, su ne babban haɗari ga mai sayen iri. Ɗaya ita ce farin zawon 'yan tsaki da ƙwayar Salmonela ke kawowa, wadda ke liƙe musu dubura ta kashe su a mako biyun farko. Ɗayar ita ce Maikofilasma, mai kawo tari da atishawa da kumburin fuska da kumfa a ido. Kazar da ta warke daga waɗannan takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar tana yaɗawa, ga ta kuwa garau a ido. Gwajin jini ne yake tona su. Idan za ka zuba kuɗi masu yawa, ka biya likita ya ɗebi jinin wasu daga cikin iyayen. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna iya taimakawa. Kai ma ka tsaya shiru na ɗan lokaci kusa da ɗakin ka kasa kunne, za ka ji gurnanin maƙogwaro idan akwai. Ka dubi kashinsu, kada ya zama kore, ko fari tsararo, ko mai jini.

Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a farkon shekarar 2006 a wata gona a jihar Kaduna, kuma tun daga nan takan dawo lokaci-lokaci. Idan aka ba da sanarwar ɓullarta a yankinku ko yankin mai sayarwa, dakatar da sayen. Kasuwar kaji kuwa ta mai neman na yanka ce. Kaji daga ƙauyuka da dama suke haɗuwa a keji ɗaya, kuma sau da yawa cuta ce take sa mai kaji ya yi saurin kai su kasuwa, musamman da hunturu lokacin da Niyukasul ta fi ɓarna.

6. Ƙwai, tsako ko sagara?

Ƙwai ya fi araha kuma ya fi kasada. Kada ya wuce kwana 7 da yi, kada a wanke shi, kada ya zama mai tsagu ko ƙazanta ko baƙuwar siffa. A ajiye shi tsinin yana ƙasa a wuri mai sanyi, digiri 13 zuwa 18. A zafin bazara ɗan da ke ciki yakan fara motsi tun ƙwan yana kan kiret, sannan ya mutu, saboda haka ka tambayi inda ake ajiyewa. Haska kowanne da tocila don ganin tsagun da ido ba ya gani. Idan ka iso gida ka bar shi ya huta awa 12 zuwa 24 kafin ya shiga inji a kan digiri 37.5 na kwana 21. A kwana na 7 zuwa 10 ka sake haskawa, mai ɗa zai nuna jijiyoyin jini. Ka tuna kusan rabin abin da zai fito zakaru ne.

Tsakon kwana ɗaya ya zama busasshen gashi, mai tsayuwa da ƙafafunsa, ido a buɗe, cibiya a rufe ba ƙullutu ba jiƙa. Idan ka kwantar da shi ta baya a tafin hannu, lafiyayye zai yi wuf ya miƙe.

Ga sabon shiga, na fi son ya sayi 'yan mako 8 zuwa 16. Sun wuce lokacin yawan mutuwa, an bambance mace da namiji, launi da zanko sun fara nuna gaskiyarsu. Sun fi tsada, amma ka ga abin da ka biya.

7. Ɗauki kowace kazar da za ka saya a hannu

Kada ka karɓi kwali a ɗaure. Shafa ƙashin ƙirji, ya zama miƙaƙƙe da tsoka a gefe biyu, idan ya fito da kaifi kazar ta rame. Dubi ido da hanci, buɗe baki, duba yatsu. Buɗa gashi a ƙarƙashin fiffike da kewayen dubura don ƙwarƙwata, dubi gefen ido da zanko don ƙuma. Ɗora ta a sikeli ka gwada da nauyin da ya dace da shekarunta.

Ana sayar da tsofaffin kaji da sunan sagara. Sagara ɓawon ƙafarta sumul yake, na tsohuwa kuwa kaushi ne da kauri. A zakara, tsinin da ke bayan ƙafa yana tsawo da shekaru. Idan an ce kaza tana ƙwai, sa yatsunka tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen dubura: mai yi za ta ɗauki yatsu 2 zuwa 3, duburarta da laushi da danshi.

8. Kada zakara da kaji su fito ciki ɗaya

Kajin asali ba su da yawa a wurarenmu, kuma sau da yawa gonaki da dama daga hannun mutum ɗaya suka samo nasu. Idan aka yi ta haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya, ƙyanƙyasa tana raguwa, jiki yana ƙanƙancewa, 'yan tsaki suna fitowa da nakasa. Sayi kaji a wuri ɗaya, zakara a wani wurin da ka tabbatar tushensu daban ne. Ka fi tsananta zaɓe a kan zakara, domin kowane tsako da za a ƙyanƙyashe rabinsa nasa ne. Ka ajiye na biyu saboda tsaro.

9. Ciniki da ɗauko kaya

Kada ka tura cikakken kuɗi ga wanda ba ka taɓa gani ba. A rubuta iri da adadi da ranar ƙyanƙyasa da rigakafin da aka yi, da abin da za a yi idan suka girma ba su ne ba. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa abin tambaya ne.

A yi tafiya da asuba ko da dare. 'Yan tsaki suna rayuwa da sauran kwaiduwar cikinsu har kusan awa 72, shi ya sa ake iya ɗauko su daga Ibadan zuwa Kano, amma zafi da rashin iska a bayan mota suna kashe su cikin ɗan lokaci. Da isowa a fara ba su ruwa, a sa su a ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko.

10. Killace, sannan ka gwada irin

Duk kazar da ta shigo, ko daga wurin amininka ce, ta yi kwana 30 a ɗakin killacewa. Ka riƙa gama hidimar tsofaffin kajinka kafin ka je wurin baƙin, ka sauya takalmi, ka wanke hannu. Wahalar tafiya takan tayar da cutar da ke kwance, a wannan wata ne za ta nuna kanta. A ciki ne za a ba su maganin tsutsa da na ƙwarƙwata, a cike rigakafin da ya rage bisa shawarar likita, a sa wa kowace zobe a rubuta lambarta da gonar da ta fito.

Ƙyanƙyasar farko ita ce za ta tabbatar da abin da aka sayar maka. Rubuta ƙwai nawa ka sa, nawa ke da ɗa, nawa suka fito. Duba 'ya'yan a mako na 8, ka sake dubawa a mako na 20, kana gwada su da siffar da ka haddace. Ɗaya ko biyu da suka ɗan kauce ba abin damuwa ba ne, a cire su daga masu iri. Idan kuwa suka fito kala-kala, wasu da gashin ƙafa wasu babu, kada ka sayar wa kowa da sunan tsantsa. Ɗauki littafinka da 'yan tsakin ka koma wurin wanda ya sayar maka, ku zauna a kan abin da kuka rubuta.